ƘASASHE DA MUTANENSU: Gundumar Cu Chi Ta Ƙasar Biyetnam

Ran 1 ga watan Yuli na shekarar 2025 Gwamnatin Biyetnam ta rushe dukkan gundumomin ƙasar a rana ɗaya, su kusan 700. Daga cikin waɗanda aka share sunansu daga takardun mulki har da wata gunduma ta karkara mai suna Cu Chi, wadda ke arewa maso yammacin birnin Ho Chi Minh, watau tsohon Saigon. Masu ƙasar suna faɗin sunan kusan kamar yadda Bahaushe zai ce "ku ci", kuma masu tarihin wurin sun ce asalinsa sunan wata itaciya ce mai ɗaci da dafi wadda a da ta cika dazuzzukan yankin.

Dattawan da suka saurari rediyo a zamanin yaƙin Biyetnam ba za su rasa jin wannan suna ba, gama a nan ne manoma suka haƙa ramuka masu nisan gaske suka zauna a ciki shekara da shekaru, alhali kuwa sojojin Amurka na bisa kansu. To, amma ramukan babi ɗaya ne kawai daga cikin labarin. Wanda ya bi tarihin wannan ɗan yanki zai ga yadda sarakuna da 'yan mulkin mallaka da janar-janar da jam'iyya suka yi ta yanka shi suna ɗinkewa, kowa da irin tasa taswira, zai kuma ga abin da wannan yanke-yanke ya jawo wa talaka mai fartanya. Abin da wannan fili zai duba ke nan a wannan mako.

YANAYIN ƘASAR

Faɗin Cu Chi kimanin murabba'in kilomita 435 ne, kuma ƙidayar da aka yi a shekarar 2019 ta nuna mutanenta sun haura 460,000. Kogin Saigon ne ya yi mata iyaka ta gabas da arewa maso gabas. Ta arewa maso yamma tana maƙwabtaka da Trang Bang, ta kudu maso yamma da Duc Hoa, inda wata hanyar ruwa da aka haƙa mai suna Thay Cai ta raba su, sa'an nan ta kudu ga Hoc Mon, wadda ita ce ƙofar shiga birni. Babbar hanyar mota mai lamba 22 ta ratsa tsakiyarta, ta bi ta Tay Ninh har ta kai Moc Bai a kan iyakar Kambodiya. Daga tsakiyar birni zuwa garin Cu Chi bai fi tafiyar kilomita 35 ba.

Wurin yana daidai inda tudun gabashin kudancin Biyetnam ya fara gangarawa zuwa fadamun Kogin Mekong. Saboda haka ƙasar iri uku ce. A bakin kogi akwai laka mai albarka inda ake shinkafa da itatuwan marmari. A kudu maso yamma akwai fadama mai ruwan tsami wadda ba ta yi wa shuka kirki sai an sha wuyar gyara ta. Tsakiya da arewa kuwa tudu ne na yumɓu gauraye da marmara, wanda in rani ya yi sai ya ƙeƙashe kamar an gasa shi, kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa yana da ɗan nisa a wurin. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan batu, domin ba don irin wannan ƙasa ba da ramukan ba su yiwu ba. A fadamun Mekong in mutum ya haƙa kamu biyu sai ya tarar da ruwa.

Shekara kashi biyu ce a can, damina daga watan Mayu zuwa Nuwamba, rani daga Disamba zuwa Afrilu. A da manomin tudu noma ɗaya yake yi a shekara, in ruwa ya ɗauke sai gyaɗa da rogo, sauran watanni kuma ya zauna yana saƙar kwanduna da gora ko ya tafi ƙodago.

DAGA SARAKUNAN NGUYEN ZUWA FARANSAWA

Kafin ƙarni na 17 wannan yanki duk daji ne mai ƙarancin jama'a, yana ƙarƙashin sarakunan Khmer na Kambodiya. Sannu a hankali talakawan Biyetnam daga tsakiyar ƙasar suka riƙa gangarowa kudu suna sare daji suna kafa ƙauyuka. A cikin shekarar 1698 masu mulkin gidan Nguyen suka aiko da wani babban hafsa mai suna Nguyen Huu Canh ya tsara mulkin wurin. Shi ne ya kafa yankin Gia Dinh, ya raba shi gunduma biyu, Phuoc Long da Tan Binh, kuma ƙasar da daga baya ta zama Cu Chi ta faɗa cikin Tan Binh.

Tun a wannan zamani ƙauye shi ne ginshiƙin mulki. Kowane ƙauye yana da majalisar dattawa wadda ke riƙe da littafin filaye, ita ke tara haraji, ita ke fitar da samari in sarki ya nemi mayaƙa ko 'yan aikin gayya, ita ce kuma ke sasanta rigingimu a babban zauren ƙauye, inda nan ne ake yin bukukuwan tunawa da kakannin da suka kafa garin. Sarki ba ya neman haraji a hannun mutum ɗaya ɗaya, ƙauye yake yanka wa, ƙauye kuma ya san yadda zai raba. Shi ya sa mutanen ƙasar suke da karin magana cewa dokar sarki takan rusuna wa al'adar ƙauye.

Faransawa sun ci ganuwar Gia Dinh a watan Fabrairu na 1859. A 1862 sarki ya sa hannu ya bar musu larduna uku na gabas, a 1867 suka haɗa da sauran ukun na yamma, suka kira wurin duka Cochinchina, suka kuma mulke shi kai tsaye. A ƙarƙashinsu Cu Chi ba gunduma ba ce mai zaman kanta, wani ɓangare ce na gundumar Hoc Mon a lardin Gia Dinh. Ba su rushe majalisun ƙauyuka ba, sai suka mai da su 'yan aikensu wajen karɓar harajin kai da tara 'yan aikin tilas. Daga nan dattijon ƙauye, wanda a da yake kare jama'arsa daga hukuma, ya zama shi ne hannun hukuma a cikin jama'a, mutuncinsa kuwa ya zube.

Daɗin daɗawa, Faransawa suka ga ƙasar tudun ta dace da itacen roba. Aka ba kamfanoni manyan filaye, aka kafa gandun Filhol a cikin Cu Chi, da babban gandun kamfanin Michelin a Dau Tieng can sama da kogi. Manoma da yawa suka koma 'yan haya a gonakin masu hannu da shuni, ko lebarori a gandun roba. Ba abin mamaki ba ne da boren watan Nuwamba na 1940 ya yi ƙarfi a Hoc Mon da kewayenta, ko da yake Faransawa sun murƙushe shi da kisa mai yawa.

Ho Chi Minh ya yi shelar 'yancin ƙasar ran 2 ga watan Satumba, 1945, kafin watan ya ƙare Faransawa sun sāke kama Saigon, yaƙi ya ɓarke. A wannan yaƙi Faransa ta ɗebo sojoji har daga ƙasashen Afirka da take mallaka. A wajen 1948 ne mutanen ƙauyukan Tan Phu Trung da Phuoc Vinh An suka fara haƙa ramuka na farko, gajeru, domin ɓoye takardu da makamai da mutanen da ake nema.

HUKUMA BIYU A ƘASA ƊAYA

Bayan Faransa ta sha kashi a Dien Bien Phu ran 7 ga watan Mayu, 1954, taron Janeba ya raba ƙasar biyu, Cu Chi ta faɗa a Kudu, ƙarƙashin Ngo Dinh Diem. Gwamnatinsa ce ta fara mai da Cu Chi gunduma a 1957, ta cire ta daga Hoc Mon ta liƙa wa lardin Binh Duong.

Diem ya yi abu biyu da suka raba shi da mutanen karkara. Na farko, a 1956 ya soke zaɓen majalisun ƙauyuka, ya riƙa naɗa mutane daga sama, sau da yawa baƙi waɗanda ba su san kowa a ƙauyen ba. Na biyu batun gona. A lokacin yaƙi da Faransa masu neman 'yanci sun raba wa talakawa gonakin attajiran da suka gudu birni. Dokar filaye ta Diem kuwa ta yarje wa mai ƙasa ya riƙe har hekta 100, saboda haka manomin da ya yi shekaru yana ganin gona tasa ce ya wayi gari ana nemansa da kuɗin haya. Da aka zo 1959 aka ƙara da wata doka mai tsanani wadda ta kafa kotunan soja masu yanke hukuncin kisa. A watan Disamba na 1960 aka kafa ƙungiyar 'yantar da Kudu, wadda abokan gabarta suka laƙaba wa suna Viet Cong, ta kuwa sami ƙauyukan Cu Chi a shirye.

Gwamnati ta nemi magance abin da tashin mutane. Daga 1962 aka riƙa kwashe manoma daga gidajensu da kaburburan kakanninsu, ana tara su a sansanonin da aka kewaye da waya mai ƙaya, wai don a raba su da 'yan sari-ka-noƙe. Sakamakon haka ƙiyayya ta ƙaru. A watan Oktoba na 1963 Diem ya ƙirƙiro sabon lardi mai suna Hau Nghia domin ya toshe hanyar da ke tsakanin iyakar Kambodiya da Saigon. Aka tsaga Cu Chi gida biyu, rabi ya tafi Hau Nghia da tsohon sunan, rabi ya zauna a Binh Duong aka sa masa suna Phu Hoa. Bai yi wata guda da yin haka ba sojojinsa suka kashe shi ran 2 ga watan Nuwamba.

Su kuwa 'yan gwagwarmaya ba su kula da wannan taswira ba, tasu daban ce. A wurinsu Cu Chi tana cikin yankin Saigon da Gia Dinh, suna da nasu shugabannin ƙauyuka, da masu karɓar haraji, da makarantu, da masu shari'a. Hedkwatar yankin ma a dajin Cu Chi take, kuma daga cikin waɗanda suka shugabance ta akwai Vo Van Kiet, wanda ya zama Firayim Minista daga 1991 zuwa 1997. Ta haka manomi ya zama yana da hukuma biyu, ɗaya ta zo da rana ta nemi haraji da ɗansa, ɗaya ta zo da dare ta nemi shinkafa da ɗansa, kowace kuma tana iya kashe shi in ta zarge shi da bin ɗayar.

ZAMAN RAMI

Hausawa sun ce abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Da igwa da jiragen sama suka hana zama a bisa ƙasa, sai ƙauyuka suka nitse. Kowane ƙauye ya haƙa nasa rami, sa'an nan aka haɗa su da juna, har tsawonsu duka ya kai abin da ake ƙiyastawa kilomita 200 zuwa 250. Da 'yar fartanya mai gajeren ƙota da kwandon gora aka yi wannan aiki, galibi da dare. Ƙasar da aka fitar kuwa ba a barinta tsibi, sai a watsa ta cikin kogi, ko a zuba a ramin da bom ya haƙa, ko a baje a gona a yi shuka a kai, don kada jirgin leƙen asiri ya gani.

A wurare da dama ramin hawa uku ne. Na sama yana da zurfin kamar mita 3, na tsakiya kamar mita 6, na ƙasa kuwa yakan kai mita 10 ko fiye. Faɗin hanyar bai kai mita ɗaya ba, mutum ba ya iya miƙewa tsaye, sai rarrafe ko tafiya a tsugune. Tsakanin hawa da hawa akwai murfi mai rufewa kam, kuma a wasu wurare an lanƙwasa hanyar an cika lanƙwasar da ruwa, yadda ko an hura hayaƙi mai guba ba zai wuce ba. Ƙofofin shan iska an yi su kamar suri ko gindin itace. Akwai rijiyoyi a ciki, da ɗakunan taro, da rumbunan shinkafa, da wuraren jinya inda likitoci ke yin fiɗa da hasken 'yar fitila, da maƙeru inda ake yanka bama-baman da ba su fashe ba da zarto a kwashe albarushin a yi nakiyoyi. Tsohuwar tayar mota kuwa ita ce takalmi.

Girki ma sai da dabara. Suna amfani da wani irin murhu mai suna Hoang Cam, sunan sojan da ya ƙago shi tun zamanin yaƙi da Faransa, wanda ake jan hayaƙinsa ta dogayen hanyoyi a ƙarƙashin ƙasa har ya huce, ya fito can nesa kaɗan kaɗan kamar hazon asuba. Sau da yawa abincin bai wuce dafaffen rogo da gishiri ba.

Kada mai karatu ya ɗauka zaman daɗi ne. Iska ba ta isa, ga zafi, ga ɗoyi, ga kunamu da macizai da cinnaku. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki sun kashe mutane masu yawa, wasu kuma ramin ya rufta da su. Akwai matan da suka haihu a ciki, akwai kuma waɗanda suka yi kwanaki ba su ga rana ba, har in sun fito idonsu ba ya iya jure haske.

ZUWAN AMURKAWA

A watan Janairu na 1966 sojojin Amurka da na Ostireliya kimanin 8,000 suka auka wa dajin Ho Bo a arewacin Cu Chi suna neman hedkwatar 'yan gwagwarmaya. Suka yi ta shan harbi daga inda ba su ga kowa ba, har suka gano bakin ramuka. A cikin wannan shekara Runduna ta 25 ta sojan Amurka ta kafa babban sansaninta a Dong Du, kusa da garin Cu Chi, ba ta sani ba ashe wani sashe na sansanin a bisa ramuka yake, aka yi makonni ana harbinsu da dare daga cikin shingensu.

A watan Janairu na 1967 aka sāke kawo hari mafi girma da sojoji kimanin 30,000, a kan yankin da ke tsallaken kogi da kuma dazuzzukan Cu Chi. Aka kwashe mutanen garin Ben Suc, su wajen 6,000, aka ƙone garin, aka bi shi da katafila. Aka sa manyan katafiloli suka tuge daji, jirage kuma suka yi feshin maganin kashe ganye, wanda daga 1961 zuwa 1971 aka zuba fiye da lita miliyan 70 nasa a kudancin ƙasar. Yawancin ƙasar Cu Chi aka mai da ita wurin da soja ke da izinin harbin duk abin da ya motsa. Aka kawo karnuka, mutanen rami suka riƙa barbaɗa barkono da ajiye sabulun Amurkawa a bakin ƙofa don su ruɗe su. Daga bisani aka zaɓi sojoji masu ƙaramin jiki waɗanda ke shiga ramin da tocila da libarba, ana kiransu ɓerayen rami, da yawansu kuwa ba su fito da rai ba.

Duk da haka, a ƙarshen Janairu na 1968, lokacin bikin sabuwar shekararsu da ake kira Tet, daga wannan yanki ne aka shirya wani sashe na farmakin da aka kai cikin Saigon, wanda ya taɓa har ofishin jakadancin Amurka. Farmakin ya ci rayukan 'yan gwagwarmaya ƙwarai, kuma daga baya manyan jiragen B-52 suka yi ta ruwan bama-bamai har suka rusa sassa da yawa na ramukan. Amma a lokacin ra'ayin jama'ar Amurka ya riga ya juya. Rundunar ta 25 ta bar sansanin a 1970 ta miƙa shi ga sojan Kudu, aka sa hannu a yarjejeniyar Faris a Janairu na 1973, sa'an nan ran 29 ga watan Afrilu, 1975, sojojin Arewa suka ci Dong Du. Kashegari Saigon ta faɗi.

A Ben Duoc an gina wani babban ɗakin tunawa wanda aka buɗe a 1995, an rubuta a bangonsa sunayen mutum fiye da 44,000 da suka mutu a fagen Saigon da Gia Dinh a ɓangaren waɗanda suka yi nasara. 'Ya'yan Cu Chi da suka mutu cikin kakin sojan Kudu, da talakawan da bom ya tarar a gona, ba sa cikin wannan lissafi.

BAYAN YAƘI

Sabuwar hukuma ta sāke ɗinke Cu Chi da Phu Hoa suka zama gunduma ɗaya, ta sa ta ƙarƙashin birni, wanda aka sauya wa suna zuwa Ho Chi Minh a watan Yuli na 1976. Waɗanda suka komo gida sun tarar da fili fetal, ramukan bom ko'ina, ga nakiyoyi a binne waɗanda suka ci gaba da hallaka manoma da yara shekaru bayan an daina harbi. Gwamnati ta nemi ta tara manoma a gonakin haɗin gwiwa irin na Arewa, manoman Kudu suka noƙe, amfanin gona ya ragu, ga takunkumin Amurka, ga sabon yaƙi a Kambodiya daga 1978. Shekaru goma na farko na wahala ne.

Abu biyu suka fid da gundumar. Ɗaya ruwa ne. Daga 1981 zuwa 1985 aka gina madatsar Dau Tieng a kan Kogin Saigon, aka jawo ruwanta ta wata babbar hanya da ake kira Hanyar Ruwa ta Gabas har cikin tudun Cu Chi, inda ake noma sau ɗaya aka koma yin biyu ko uku. Ɗayan kuwa sauyin manufa ne. A watan Disamba na 1986 Jam'iyyar Kwaminis ta amince da shirin Doi Moi, watau sabuntawa, a 1988 aka mayar wa kowane magidanci ikon noma gonarsa da sayar da amfaninsa, a 1989 ƙasar da ke fama da ƙarancin abinci ta fara fitar da shinkafa waje. Dokar 1993 ta ba manomi takardar shaidar riƙon gona wadda zai iya sayarwa, ko ya jinginar, ko ya bar wa magada. Amurka ta ɗage takunkumi a 1994, aka ƙulla jakadanci a 1995. Phan Van Khai, wanda ya riƙe muƙamin Firayim Minista daga 1997 zuwa 2006, haifaffen ƙauyen Tan Thong Hoi ne a Cu Chi, can kuma ya koma ya rasu a 2018.

Gundumar ta yi suna wajen kiwon shanun madara, da noman ganyaye da furanni don kasuwannin birni. Ƙauyen Phu Hoa Dong ya shahara da wani abinci na ƙullun shinkafa da ake shimfiɗawa siriri kamar takarda a shanya a kan asabarin gora. An kafa unguwannin masana'antu a Tan Phu Trung da wasu wurare, 'yan ci-rani suka kwararo daga larduna. Ramukan Ben Dinh da Ben Duoc kuwa sun zama wurin yawon buɗe ido, har an faɗaɗa wasu don baƙi masu jiki su iya shiga, kuma a 2015 aka sa su cikin wuraren tarihi na musamman na ƙasa.

RUSHE GUNDUMA

Har zuwa tsakiyar 2025 mulkin ƙasar hawa uku ne a ƙarƙashin gwamnatin tsakiya da ke Hanoi, watau lardi, da gunduma, da hukumar ƙauyuka. Cu Chi tana da gari ɗaya da hukumomin ƙauyuka 20, kowace kuma ta kasu unguwa unguwa. A kowane hawa akwai Majalisar Jama'a wadda ake zaɓa duk shekara biyar, da Kwamitin Jama'a mai gudanar da aiki, amma mai faɗa a ji shi ne sakataren jam'iyya, gama jam'iyya ɗaya ce a ƙasar, kuma ba mai tsayawa takara sai wanda aka tantance.

Bayan To Lam ya zama Babban Sakataren jam'iyya a watan Agusta na 2024, sai ya tasar wa rage yawan ofisoshi da ma'aikata, bisa hujjar cewa albashi da hidimar hukuma suna cinye kuɗin da ya kamata a yi aikin raya ƙasa da shi. A watan Yuni na 2025 Majalisar Ƙasa ta gyara tsarin mulki, aka rage larduna da manyan birane daga 63 zuwa 34, aka haɗe hukumomin ƙauyuka da unguwanni daga fiye da 10,000 zuwa 3,321, aka cire hawan gunduma ɗungum. Ƙasar Cu Chi ta zama hukumomi bakwai, su ne Cu Chi, da Tan An Hoi, da Thai My, da An Nhon Tay, da Nhuan Duc, da Phu Hoa Dong, da Binh My, kowace tana karɓar umarni kai tsaye daga birni. Lardin Binh Duong ma, wanda a da ya mallaki Cu Chi, an haɗe shi da birnin Ho Chi Minh, saboda haka Kogin Saigon ya daina zama iyakar lardi a wannan wuri. Sarki goma, zamani goma.

Masu goyon bayan shirin suna cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, yawancin ayyukan da a da sai an je gunduma yanzu a hukumar ƙauyuka za a gama su. Masu ɗari-ɗari kuwa suna nuna cewa sabuwar hukumar ta ninka tsohuwar girma kamar sau uku, jama'ar kowace dubbai ne masu yawa, ta yadda shugabanta ba zai san magidanta da sunayensu ba kamar dattawan da, ga shi kuma an ɗora mata aikin da ma'aikatanta ba su saba da shi ba.

Inda za a gane gaskiyar ko wane ɓangare shi ne batun fili, gama a dokar Biyetnam ƙasa ta al'umma ce baki ɗaya, gwamnati ke riƙe da ita, manomi haƙƙin amfani kawai yake da shi, ana kuwa iya karɓewa a biya shi diyya in an ce za a yi aikin raya ƙasa. Mutanen Cu Chi sun ɗanɗana wannan. Tun 2004 aka fara karɓar fiye da hekta 450 a An Nhon Tay da Phu My Hung daga hannun ɗaruruwan magidanta domin a yi babban gandun namun daji, aka yi shekaru fiye da goma sha biyar ana jayayya kan diyya, filin yana kwance ciyawa ta rufe shi. Wani babban juji da birni ke kai shara yana Phuoc Hiep, maƙwabtansa kuma sun daɗe suna kuka da wari da gurɓatar ruwa. A 2023 aka fara gina babbar hanyar zobe ta uku wadda ta ratsa ƙasar, an kuma tsara wata sabuwar hanya daga nan zuwa Moc Bai, kowace kuwa gonaki za ta ci, ta kuma ɗaga farashin waɗanda suka rage.

Jikokin mutanen da suka shiga rami saboda gona, yanzu takardar gonar ce a hannunsu, birni kuma yana matsowa kowace shekara. Ofishin gunduma da a da suke kai ƙara an rufe shi. Wanda aka yi wa awon da bai gamsu da shi ba, ko aka yanka masa diyyar da ba ta kai ba, sai ya nufi ɗaya daga cikin hukumomin nan bakwai, in ba a share masa hawaye a can ba kuwa, sai ya kama hanya mai lamba 22 zuwa birni.